Kwalin Safar Hannu

Ranar da ta fara ganinsa, mara lafiya ya rako ɗakin gaggawa na asibitin gwamnati, daga asibitin kuɗi na mahaifinsa. Likitar ta dubi takalminsa mai ƙyalli, ta ja tsaki.

“Sai aljihun mutum ya bushe kuke tunawa da mu?”

“Mu dai ba ma kwantar da mutum a ƙasa,” ya ce. “Ni ma likita ne. Ba ni safar hannu in taya ki.”

“Ta ƙare tun safe. Ga shago can a bakin ƙofa, Ɗan Gata.”

Ikon Allah, sai ga shi ya dawo da kwali guda! Daga nan duk mako sai ya kawo wani, su dasa musu.

“A jikin mutum-mutumin roba kuka koyi aiki,” takan ce.

“Ku kuma ɗalibai arba'in kan gado ɗaya. Na baya me ya gani, Sarauniyar Tsiwa?”

Haushi yake ba ta don yana da gaskiya, ga shi kuma ta kamu da sonsa ba shiri.

Da maganar aure ta taso, mahaifinsa ya kira ta ofis, ya gindaya sharaɗi: ta ajiye aikin gwamnati, ta dawo asibitinsa. Ta tuno marasa lafiyar da ke jiranta a kan benci.

“Baba, ɗanka nake so, ba asibitinka ba. Waɗancan mutanen in na tafi, wa zai duba su?”

“To babu aure.”

Ta yi kuka mai isarta a mota, sannan ta tura wa masoyin nata saƙo: “Ina sonka wallahi, amma ba zan bar su ba.”

Amsa ta shigo: “Kar ki kuskura ki bari, Sarauniyata. Na gaya wa Baba, in ba za ki zo ba, ni zan koma wajenki. Ki nema min wurin aiki, ko a kan benci ne.”

Tsoho ya yi faɗa har ya gaji. Ganin zai rasa likita da ɗa a lokaci guda, ya sauko.

Ranar ɗaurin aure wata mota ta tsaya a ƙofar ɗakin gaggawa, shaƙe da kwalayen safar hannu. Tsohon da kansa ya fito, fuska a murtuke.

“Kar in sake jin surukata na aiki hannu tsirara. Allah ya yi muku albarka, masu taurin kai.”