Laraba Goma Sha Ɗaya

Ranar da Lubna ta fara aiki a wata sakandare da ke Kurmin Kogi, ko jakarta ba ta ajiye ba ta ga sunanta sau uku a allon ɗakin malamai. Malam Gambo, mataimakin shugaban makaranta, shi ke rubuta wanda zai riƙe ajin malamin da bai zo ba, kuma allinsa ba ya ɓatan hanya in dai sunan sabon zuwa ne.

Ta yi tsaye kamar ta fashe da kuka. Sai ta ji murya a bayanta.

"Malama, daina ƙirgawa, ciwon kai za ki samu. Bar mini na ƙarfe sha ɗaya."

Ta waiwayo, ta ga wani dogon saurayi, hannun rigarsa fari fat da alli.

"Kai ba ka da aji ne?"

"Firi nake. Sunana Saminu, malamin lissafi. Ni kaɗai ne, daga aji ɗaya har na shida."

A takarda, kowane malami yana da 'yan firiyod da ba ya shiga aji, don ya zauna ya shirya darasi, ya duba aikin yara. Su ake kira firi. Amma a makarantar da malamai tara ke fama da aji goma sha biyu, firi nama ne a bakin kura. Kafin zangon karatu ya yi nisa, abin da ya rage wa Saminu biyu ne kacal, safiyar Laraba. A nan yake rubuta littafin shirin darasinsa na mako, domin da an tashi gona ce ke jiransa, mahaifinsa ƙarfi ya ƙare.

So bai yi sallama ba ya shiga tsakaninsu. Shi yana ce mata Malama Ƙarama, ita tana ce masa Mai Riƙo. Malam Gambo kuwa, da shi ma ya nuna yana son Lubna ta ce masa a'a cikin ladabi, ya zuba musu ido.

Ana cikin haka ciwon ƙoda ya kwantar da Inna, mahaifiyar Lubna. Likitan da ke duba ta a Zariya ranar Laraba kaɗai yake zama. Mahaifinta, Malam Ya'u, tsohon hedimasta ne a Ikara, ciwon ƙafa ya zaunar da shi, ita ce kuma babba a gidan. Ta je neman izini, Malam Gambo ko ɗago kai bai yi ba.

"Ko tabbatar da ke ba a yi a aiki ba, har kin fara? Wa zai riƙe miki ajin? Ki zaɓa, Malama."

Tana cikin mota za ta koma gida, idonta jawur, saƙo ya shigo wayarta.

"Malama Ƙarama, ki kai Inna. Ajinki ba zai zauna babu malami ba muddin ina numfashi. Ki dai bar mini abin da zan koya musu, kar in mayar da Turanci lissafi."

Ta yi dariya da hawaye, ta rubuta, "Kai fa, Mai Riƙo? Yaushe za ka yi naka shirin?"

"Allah na nan. Ki gaida Inna."

A gida ta ce wa Baba ranar Laraba ba ta da aji. Wannan ce ƙarya ta farko da ta taɓa yi masa. Mutum ne da ke alfahari da cewa shekara talatin da biyar bai taɓa barin aji ba.

Haka aka yi Laraba goma sha ɗaya. A ta sha biyu masu duba makarantu suka zo, Malam Gambo ya miƙa musu littafin Saminu kafin na kowa. Shafi goma sha ɗaya, kwanan wata ne kawai a sama, ƙasa fayau. Suka tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai, don ya san kalma ɗaya za ta raba Lubna da aikinta. Aka ba shi takardar tuhuma, aka mayar da shi wata makaranta can cikin ƙauyukan Dandamisa.

A makon ne kuma Inna ta cika.

Bayan sadakar arba'in magabatan Saminu suka zo neman aure. Malam Ya'u ya karɓe su da mutunci, ya sallame su da a'a. Labari ya riga su isowa.

"Malamin da ke shiga aji ba shiri ɓarawo ne," ya ce wa Lubna. "Yaran talakawa yake sata. Ba zan ba shi 'yata ba."

Ta kasa faɗa masa gaskiya. Tsoro ne ya kama ta, ba wani abu ba. Saminu kuma ya yi shiru kwana tara, har ta sakankance ya tsane ta, shi kuma can yana zaton ta bi bayan mahaifinta. A na goma ta kasa haƙuri, ta tura masa saƙo.

"Mai Riƙo, ni na jawo maka. In ka daina sona ka faɗa mini."

"Ban daina ba, Malama Ƙarama. Na yi shiru ne don kar ki zaɓa tsakanina da Baba. Kin rasa Inna, ba zan sa ki rasa shi ba."

"Aiko mini da littafin shirin darasin nan naka."

Da ya iso, ta ɗauko katin asibitin Inna daga ƙasan akwati, ta durƙusa gaban mahaifinta a zaure.

"Baba, ka duba kwanakin."

Ya saka tabarau. Yatsa ɗaya a kan kati, ɗaya a kan littafi, yana bi a hankali irin na wanda ya saba duba aikin malamai. Kwanakin suka yi ta zuwa daidai, bai tsaya ba sai da ya kai na sha ɗaya.

"Kin ce mini ba ki da aji."

"Ƙarya na yi, Baba. Ajina yake riƙewa. Yakan rubuta kwanan wata, ƙararrawa ta buga, ya tashi ya tafi wurin yarana."

Tsohon ya cire tabarau ya share ido da bakin rawani.

"Ashe duk Larabar da uwarki ta ƙara a duniya, a littafin yaron nan aka cire ta. Ni kuma na kira shi ɓarawo." Ya nisa. "Gobe za ki je ki faɗa wa shugaban makarantarku gaskiya. In sun kore ki, sun kore ki."

Ba su kore ta ba, amma an ba ta tata takardar, aka ɗage tabbatar da ita shekara guda. Saminu kuma ba a dawo da shi ba. Allon Malam Gambo yana nan yadda yake, sunan wata sabuwar malama ne yanzu a kai.

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura aure, ba kiɗa ba taro, don gidan bai gama makoki ba. Da mutane suka watse, Malam Ya'u ya kira ango, ya miƙa masa littafinsa. Saminu ya buɗe, ya ga shafukan nan goma sha ɗaya cike da rubutun tsoho, darasi bayan darasi, kowanne da sa hannu a ƙasa.

"Ka riƙe wa 'yata aji, na riƙe maka naka," in ji Malam Ya'u. "Yanzu ga ta nan, ka riƙe mini ita. Allah Ya yi muku albarka, Ya jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba."

Daga bayan labule Lubna ta ce amin, kuka ya ci ƙarfinta.