Hulunan Wakili

A wani zamani can baya, an yi wani gari a bakin kogi, da wani baduku wanda ruwa ya ci mahaifiyarsa a mashigi. Da zaɓe ya zo, ya tsaya a Jam'iyyar Ƙwarya da magana ɗaya tak: a yi gada. Mutane suka yi layi a bayansa, ya ci.

Ranar da zai tafi majalisa, can ƙetaren kogi, mahauta suka kafa masa hula. "Ranka ya daɗe, mu muka zaɓe ka. Maganar mayanka za ka yi, kada ka cire."

Marina suka ɗora tasu a kai. "Mu muka zaɓe ka, kada ka cire."

Masu kiwon agwagi ma suka ɗora, suka ce agwaginsu ba su taɓa neman gada ba. Shugaban jam'iyya ya hau tsani ya ɗora babba. Huluna suka danne shi har suka rufe masa kunne da ido, yana tafiya wuya a sandare.

A tsakiyar mashigi ƙafarsa ta gane dutsen da Inna ta zame. Ya tsaya. In ya sunkuya, huluna za su zube. Ya sunkuyar da kai ya yi mata addu'a.

Huluna suka bi ruwa, suka maƙale a wancan gaɓar. Masu su suka yi cirko-cirko, babu mai iya ƙetarewa.

Can Sarkin Fawa ya ɗaga murya: "Wakili! Don Allah ka ce a yi gada, mu ɗauko hulunanmu!"

Wannan karon ya ji sarai.