Wanda Ya Kashe Mata Aiki

Ranar da Afra'u ta fara haɗa ido da Shamsuddeen, ba don ta ga kyansa ta ɗago kai ba, don ta zazzage masa kwandon masifa ne.

Mahaifinta, Malam Gwadabe, shi ya saka ta a wata cibiyar koyon kwamfuta a garin Rano, kullum tana shigo motar haya daga Kibiya. A ajinsu babu danne-dannen hotuna. Baƙin sikirin ne kawai, ka rubuta umarni kwamfuta ta bi. Dukkan ɗaliban babbar kwamfuta guda suke shiga, kowa da akawun ɗinsa, Shamsuddeen ɗan garin Lausu kuma shi ne mai kula da ita.

Ran nan Afra'u ta rubuta wani umarni mai kwafar fayil, ta manta ba ta faɗa masa inda zai tsaya ba. Ta bar shi yana ta gudu, ta koma rubuta aikin jarrabawarta, ko adanawa ba ta yi ba. Can sai kwamfutocin ajin suka tsaya cak, ɗalibai suka hau tsaki. Shamsuddeen ya buga top, umarnin da ke nuna ayyukan da ke gudana, ya ga sunanta a can sama yana cinye ƙarfin na'urar kaf. Bai yi wata-wata ba ya buga pkill -u afrau. Duk abin da ke gudana da sunanta ya mutu, har da rubutun da ta wuni tana yi.

Ta miƙe tsaye, mayafi na zamewa.

"Wane marar tsoron Allah ne ya kashe mini aiki?"

"Ni ne, Malama. Aikinki ne ya tsayar da na kowa."

"Bakinka ciwo yake yi? Da ka ce in adana, harshenka zai guntule ne?"

Ya kalle ta, sai kuma ya yi murmushi. Wannan murmushin ya fi kisan aikin ƙona mata rai. Ta figi jakarta ta fice, tana rantsuwar ba za ta ƙara yi masa ko sallama ba.

Da la'asar saƙo ya shigo wayarta.

"Malama Afra'u, na yi laifi, ya kamata in fara yi miki magana. Amma aikinki bai ɓata ba. Manhajar rubutun takan ajiye kwafi idan an katse ta. Gobe ki buga ls, za ki ga fayil mai ƙarewa da .save. A yi haƙuri, Barkono."

Ta karanta ta ƙara karantawa, sannan ta amsa: "Wace ce Barkono? Kar ka ƙara."

Bai daina ba, ita ma daga baya ba ta so ya daina. Shi ya koya mata yadda ake ba fayil izini da hana shi, da yadda ake gano aikin da ya maƙale a kashe shi shi kaɗai ba tare da an haɗa da na bayin Allah ba. Kullum sai ta tuna masa cewa shi bai yi hakan ba. Abu ɗaya ne ya ƙi: saka ta cikin masu sudo, wato masu cikakken iko da na'urar.

"Barkonona, da wannan zuciyar taki? Ai kafin azahar kin kori kowa."

"Za ka sani ne, Makashin aikina."

Kafin damina ta fita, magabatan Shamsuddeen suka je Kibiya neman izini. Malam Gwadabe ya ce sai ya yi bincike, kamar yadda kowane uba yake yi. Kuskurensa ɗaya, wanda ya aika. Amiru ne, ɗan ƙanwarsa, direban motar Rano zuwa Kano, wanda ya daɗe yana yi wa Afra'u kallon tuwona maina, ita kuwa ko a jikinta.

Amiru ya laɓe a tagar cibiyar ya ɗauko bidiyo. Ga Shamsuddeen gaban baƙin sikirin, layukan lambobi na ta zubowa ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, ka gani da idonka. Lambobin asusun mutane ne na banki yake jawowa. Ɗan damfara ne, kowa a tasha ya sani."

Malam Gwadabe mutum ne da bai haɗa mutuncinsa da komai ba. Ransa ya ɓaci matuƙa. Ya aika wa mutanen Lausu cewa babu maganar aure, ya kira Shamsuddeen a waya ya ce kada ya ƙara kula masa 'ya.

Afra'u ta yi kuka, ta yi rantsuwa, Baba ya ce ta rufe masa baki. Washegari ta tafi cibiyar don ta ji daga bakin Shamsuddeen. Ba ta same shi a aji ba. Ta zauna ta buga sunanta da kalmar sirrinta, na'ura ta ƙi ta. Ta sake, ta ƙi. Nan ta gane kulle mata akawun aka yi, kuma mutum ɗaya ne yake da ikon yin haka.

Nan take ta rubuta masa: "Sau biyu ke nan kana yanke hukunci a kaina ba ka tambaye ni ba. An kira ka ɓarawo, maimakon ka tsaya ka wanke kanka, sai ni ka kulle? Ashe matsoraci nake so."

Amsarsa ta zo a gajarce: "Baba ya ce in rabu da ke. Ba na so a haɗa sunanki da sunan da aka ba ni. Wallahi ban taɓa cin ƙwandalar wani ba, Barkonona."

Ta ajiye wayar. Gida ta koma ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ban taɓa yi maka musu ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka bi ni Rano ranar kasuwa. In ka gani ka ce a'a, na haƙura har abada."

Ya kalle ta, ya ce to. Amiru ne ma ya kai su, yana ta fara'a.

Suna shiga Shamsuddeen ya zube yana gaisuwa, Malam Gwadabe ya amsa da ƙyar. Afra'u ko kallonsa ba ta yi ba.

"Buɗe mini akawun ɗina."

Ya buɗe. Ta zauna ta buga ping da lambar na'urar da ke raba musu intanet. Layuka suka fara zubowa, iri ɗaya sak da na bidiyon.

"Baba, in wannan sata ce, to ga ɓarauniya a gabanka, kuma kai ka kawo ni na koya. Sallama ce kawai kwamfuta take yi wa 'yar'uwarta, kowane layi amsa ce. Ga wayar intanet nan shuɗiya a bayanta, zare ta da hannunka."

Malam Gwadabe ya sunkuya ya zare. Amsoshin suka ɗauke. Ya mayar, suka dawo. Ya ƙara zarewa, ya ƙara mayarwa, sannan ya miƙe a hankali ya juya wajen ƙofa, inda Amiru yake tsaye.

"Amiru, bankin ke nan a cikin wannan wayar?"

"Kawu, ni ma haka aka ce mini..."

"Wa ya ce maka? Na aike ka amana, ka sa na kira ɗan mutane ɓarawo da furfurata! Fice mini daga nan."

Ya juyo ga Shamsuddeen, muryarsa ta sauka. "Yaro, na zalunce ka. Ka yafe mini, ka ce wa iyayenka ina jiransu."

Hawaye suka zubo wa Shamsuddeen. Afra'u ta harare shi, domin nata fushin bai gama sauka ba.

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura aure a Kibiya. Malam Gwadabe ya dafa kawunansu ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya raba su da sharrin mai kai-komo. Jama'a suka amsa da amin.

Ranar da amarya ta koma cibiyar, saƙo ya riga ta isa: "Na saka ki cikin masu sudo. Duk abin da nake da iko a kai, ke ma kina da shi. Ba zan ƙara yanke komai ba sai da ke."

Ta yi murmushi, ta zauna ta buga umarninta na farko, na kulle masa akawun: sudo passwd -l shamsu.

Can sai ga ango ya leƙo daga ɗakin ciki, ido waje.

"Barkonona, na kasa shiga."

"Na sani," in ji ta, tana gyara mayafi. "Zo ka zauna nan kusa da ni ka roƙa, in ji ko ka iya."