Masu Cin Miyar Umma

Rana ta kusa faɗuwa, gidan ya yi tsit irin na mutanen da suka ƙoshi. Maigidan, wanda ake kira Mai Fanka saboda sana'arsa, yana kishingiɗe a falo yana sakace. Matarsa Umma tana gefe da hannun dama a ɗaure, mako uku ke nan da ta zame a banɗaki ta karye. Auta, 'yarsu da ta rage a gida, tana kicin tana wanke tukunya. A lokacin ne dutse ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangara a hankali, ya tsaya.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Mai Fanka.

Dutse na biyu a tsakiyar falon ya faɗo, alhali rufin ba shi da ko 'yar ɓula. Da ya kai hannu ya taɓa, sai ya ji shi da ɗumi.

Akwai wani sirri a gidan nan da ya girmi Auta. Umma mace ce mai kirki, amma tsakaninta da tukunya sai addu'a. Hannunta yana da nauyi wajen gishiri, kuma in hira ta yi daɗi takan manta da miya har ta kama. A makon farko na aurensu ta tambayi mijin yadda ya ji miyar, shi kuma ya ga yadda idonta ke ƙyalli, ya kasa. Ya ce ta yi daɗi. Daga ranar, shekara ashirin da biyu, yana cin shinkafarsa gaya, miyar kuwa yana juye ta ta tagar ɗakin cin abinci, cikin wani siririn lungu tsakanin bango da katanga, inda ko kyanwa ba ta bi. 'Ya'yan suka taso suka gaji aikin. Ɗaya zai ce, "Umma, kamar wayarki ce ke ƙara," ɗaya kuma ya ɗaga labule. Abin da bai taɓa sa su tunani ba shi ne lungun bai taɓa wari ba, ƙuda bai taɓa taruwa a wurin ba. Mai Fanka ba ya tsoron komai a duniya kamar ranar da Umma za ta sani.

Tun da ta karye girki ya koma hannun Auta, ita kuwa yarinyar Allah ya yi mata hannu. Mako uku ko cokali ɗaya bai bi ta tagar ba.

Washegari da magariba duwatsun suka dawo. A rana ta uku aka fara jin wata ƙara daga lungun, kamar ana kankare gindin tukunya da cokali, a hankali, ba gaggawa. In aka leƙa sai ta tsaya, in aka juya baya ta ci gaba. Umma ta daina barin Auta ita kaɗai, Mai Fanka kuwa ya daina kallon tagar gaba ɗaya.

A rana ta biyar Auta na juya miya, Umma na bakin ƙofa, sai yarinyar ta tsaya cak. Ta ɗauki tukunyar da hannu biyu, ba tsumma, ta kife ta a ƙasa. Da ta juyo, fuskar tata ce, amma muryar ta wani tsoho ce mai kauri.

"Ba wannan ba," in ji muryar. "Yunwa muke ji."

Kafin a kira isha'i Mai Fanka ya zo da Malam, wani dattijo marar yawan magana da ya saba da irin wannan aiki. Aka zaunar da Auta a falo, uban ya riƙe kafaɗunta, yana jin jikin ya yi nauyi kamar buhun siminti. Malam ya daɗe yana karatu, fitilar ɗakin tana dushewa tana dawowa. Can sai Auta ta saki wani nishi.

"Kai wane ne, me ka zo nema a jikin yarinyar mutane?" in ji Malam.

"Maƙwabta ne mu, a lungun nan muke. Shekara ashirin da biyu ana ba mu abinci ta taga, dare da rana. Na aurar da 'ya'ya a kansa, na ga jikoki. Wannan yarinyar ta zo ta yanke mana."

Malam ya dubi Mai Fanka. "Sadaka kuke musu?"

Mai Fanka ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ƙashin 'yarsa yana ƙara a ƙarƙashin hannunsa. Ya sunkuyar da kai ya faɗi komai, har da zancen waya. Bai iya kallon inda Umma take ba.

"Ka ji dai ba kai aka nufa ba," Malam ya ce wa aljanin. "Fita."

"Zan fita. A ba mu mai girkin mu tafi da ita. Su ai ba sa ci."

"Ba a ba ka kowa. Fita, ko in ƙona ka."

"Ƙona ni, Malam, akwai arba'in a bayana. Amma ka faɗa mini, wa ya fi cancantar ta, mu da muka ci, ko shi da ya zubar?"

Malam ya buɗe baki zai ci gaba da karatu, sai Umma ta miƙe. Muryarta ba ta rawa, wannan ne ma ya fi ba da tsoro.

"Da gaske kuna ci? Kuna cinyewa?"

"Har mu suɗe, uwar gida. Ƙanzon nan muke rububi."

Umma ta yi wani murmushi da mijinta bai taɓa gani ba, ta nufi ƙofar baya. Mai Fanka ya saki Auta ya sha gabanta, ya baza hannuwa a ƙofar.

"Don girman Allah, Umman yara, kada ki fita. Zan ci, wallahi zan ci."

Aljanin ya yi dariya ta bakin Auta. "To, ta dafa tukunya guda. In ya cinye, mun bar gidan har abada. In ya rage, mai girkin ta zama tamu."

"Ba na karɓar sharaɗin aljani," in ji Malam.

"Ni na karɓa," in ji Umma.

Da hannun hagu ta yi girkin, ba ta yarda kowa ya taimaka mata ba. Ƙaurin ya cika gidan, a lungu kuwa kankarar ta tashi kamar cokula arba'in a lokaci guda. Ta kawo tukunyar ta dire a gabansa. Malam yana karatu, idon Auta a kafe a kan cokalin, Mai Fanka yana ci. Gishirin ya yanka masa harshe, hawaye suna zuba, shi kansa bai san na miyar ne ko na kunya ba. Sau biyu cikinsa ya yi bore, sau biyu ya danne. Da ya cinye miyar ya ajiye cokalin, ƙarar lungun ta yanke.

"Mun tafi," muryar ta ce, ta yi ƙasa sosai. "Uwar gida, mun gode. Allah ya saka da alheri."

"Ku sauka lafiya," Umma ta amsa, kamar mai raka 'yan'uwa, sai a lokacin hawayenta suka zubo.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido tana tambayar wa ya ƙona abinci. Malam ya yi addu'a, ya nemi takalmansa da sauri kafin a ce ya tsaya ya ci.

Da gidan ya rage su kaɗai, Mai Fanka ya dafe ciki ya ce, "Ki yafe mini."

Umma ta ɗauki tukunyar, ta karkata ta wajen fitila, ta daɗe tana duba baƙin da ya manne a gindinta. Sannan ta mayar gabansa.

"Su da ƙanzon suke haɗawa," ta ce.

Ya ɗauki cokalin.