Kan Sarki Mai Haƙora Goma Sha Huɗu

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ita ce auta a gidansu. Tana da kirki, tana da kyauta, amma fa akwai ta da gaggawa. Kafin ka gama aikenta ta riga ta kai bakin ƙofa.

Kakanta tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Yana da wani babban littafi mai koren bango. A ciki yake tara kan sarki, wato 'yan takardun nan masu hoto da ake mannawa a jikin wasiƙa. Ba ya taɓa su da yatsa, sai da hantsaki.

Wata rana Malama ta ajiye gwangwani a kan teburinta. Ta ce, "Duk mai tsohon kan sarki a gida ya kawo. Jibi za mu manna su a babban kwali, mu kafa a bangon aji."

Da Auta ta koma gida, ta tarar Kaka ya tafi aski. Ta buɗe littafinsa. Sai ga wasu shuɗɗa guda biyu a jere, kowanne da hoton jirgin ruwa.

"Biyu iri ɗaya!" in ji ta. "Me Kaka zai yi da har biyu?"

Ta zare na hagu. Washegari ta jefa shi cikin gwangwani, 'yan aji suka tafa mata. Ranar kanta ya kumbura sosai.

Da ta dawo gida, ta ga abin mamaki. Kaka yana rarrafe a ƙasa, yana leƙa ƙarƙashin kujera. Mama kuma tana tona sharar da ta tara.

"Yauwa, Auta, zo ki taya mu," in ji Kaka. "Jirgina ɗaya ya ɓata. Idanunki sun fi namu."

Auta ta matso. Ta durƙusa kamar mai nema, amma ta kasa. Ganin tsoho yana jan gwiwa ya sa tausayi ya kama ta.

"Kaka, tashi. Ni na ɗauka, na kai makaranta. Na ga ai iri ɗaya ne."

Kaka ya dube ta. Can ya miƙe, ya kaɗe wandonsa. "Iri ɗaya, ko? Zo nan, sarauniyar sauri."

Ya ba ta gilashinsa mai ƙara girman abu, ya nuna mata jirgin da ya rage. "Kin ga 'yan tsinin nan na gefe? Haƙora muke ce musu. Ƙirga na sama."

Ta ƙirga. "Goma sha biyu. Kaka, ya ma fi ka haƙora!"

Kaka ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. "Ja'ira! To, wanda kika ɗauka goma sha huɗu gare shi. Shi ne bugun farko. Kuma haƙora kaɗai ba su isa ba. Tsuntsaye nawa kike gani a saman jirgin nan?"

"Biyu, da wani ɗan ɗigo."

"A bugun farko uku ne cif, kowanne da fukafukansa. Daga baya injin buga su ya tsufa, na ukun ya koma ɗigo." Muryarsa ta yi sanyi. "Mahaifiyata ce ta manna wancan a wasiƙar da ta aiko mini da na fara aiki."

Hawaye suka cika idon Auta. Gobe ne za a shafa masa gam. In ya manne a kwali, shi ke nan.

Mama ta ce, "Kuka ba zai dawo da shi ba. Gobe ke da bakinki za ki yi wa Malama bayani."

Da safe Auta ta tsaya a gaban Malama, kunya kamar ta nutse. Ta faɗi gaskiya duka.

"Kin yi laifi, amma kin kyauta da kika faɗa," in ji Malama. "Yau babu fita wasa. Ki zauna ki nemo shi."

Da aka kaɗa ƙararrawar tara, Malama ta juye gwangwanin a kan tebur. Auta ta zaro ido. Shuɗɗan jirage har guda tara!

"To, wanne ne na kakanki?"

Hannun Auta ya tafi zai cafko na kusa. Sai ta janye shi. Ta fito da gilashi da hantsakin da Kaka ya ara mata. Ta ɗauki na farko a hankali. Goma sha biyu. Na biyu ma haka.

'Yan aji suka bar wasa, suka cika taga. Suka riƙa taya ta ƙirga da ƙarfi. A na biyar suka yi ihu, "Goma sha huɗu!"

"Ku dakata," in ji Auta. Ta kara gilashi. Tsuntsaye biyu ne da ɗigo. Ta ajiye shi gefe.

Na shida ba shi ba ne, na bakwai ma haka. Ta ɗauki na takwas. Goma sha huɗu! Ta duba saman jirgi, ga tsuntsaye uku, kowanne da fukafukansa.

"Shi ne! Wallahi shi ne!"

Taga ta kaure da tafi. Malama ta sa mata shi a ambulan. Ta ce, "Ki gaida Kaka. Ki ce muna roƙonsa ya zo ya koya mana."

A gida, Kaka ya sa gilashi ya daɗe yana kallo. Sannan ya share idonsa da bayan hannu.

"Ke kaɗai kika gano shi cikin tara?"

"Ni kaɗai. Amma a hankali na bi."

Kaka ya rungume ta. "Ashe na yi magajiya! Zauna nan, yau ke za ki mayar da shi wurinsa."

Auta ta ɗauki hantsaki, ta zura jirgin kusa da ɗan'uwansa, daɗi kamar ta yi tsalle.

Daga ranar ta koyi darasi. Ba ta ƙara ɗaukar kayan wani ba tare da ta tambaya ba. Kuma ba ta cewa abu biyu iri ɗaya ne sai ta tsaya ta duba da kyau.