Sunan da Ke Hancin Jirgi

Ranar Juma'a bayan la'asar Sajjad ya zo gidan Abu Wisam a Basra don gaishe da iyayen Shahad, yarinyar da aka sa musu rana. Yaro ne mai ladabi, makanike ne, aibinsa ɗaya: in ya fara zancen wasan nan na ƙera jirage a kwamfuta, har shayinsa ya huce bai sani ba.

"To injiniya," in ji Abu Wisam yana dariya, "jirgin naka ya tashi, ko har yanzu noma yake yi da hanci?"

"Saura kaɗan, Ammi. Jet ne irin na farko-farko, injinan ba su da ƙarfi, ga shan mai. Da na loda masa kaya sai ya ƙi barin ƙasa," in ji Sajjad. Ammi yake ce masa, wato baffa, matarsa kuma Khala, wato inna.

"Zanen dai ya yi kyau," in ji Shahad. "Nuna masa a talabijin."

Ya haɗa waya. Jirgi ya cika allo, fari ƙal, da dogayen fukafukai da hanci na gilashi. Ya danna, cikin jirgin ya buɗe, bama-bamai jere. A daidai lokacin mahaifiyar Shahad ta shigo da tire. Ta dubi bama-baman, ta dubi rubutun da ke hancin jirgin: Ummu Wisam.

Sunanta ke nan. Wisam ɗanta ne na fari, namiji tilo. Yana ƙarami ta aike shi sayen gurasa, jiragen yaƙi suka zo, bai dawo ba. Shekaru sun tura, amma duk unguwa da sunansa ake kiranta.

Ba ta yar da tiren ba. A hankali ta ajiye shi.

"Sajjad, me na yi maka?"

"Khala, wallahi ba ke ba ce—"

"Akwai wata Ummu Wisam a gidan nan?"

Akwai. A wajenmu ba a jiran haihuwa kafin a laƙaba wa mutum alkunya. Tun ranar da Shahad ta gaya masa ɗansu na fari sunan yayanta zai ci, Sajjad yake kiranta Ummu Wisam a tsakaninsu, ita kuwa har ranta take jin daɗi. Soyayya ce ta rubuta sunan, rashin tunani ya zaɓi wurin. Shahad ta daure ta faɗi haka, kanta a ƙasa, kunya kamar ta nutse.

Bayanin bai gyara komai ba.

"Wato jikan nawa ma kun ɗora shi a kan jirgin," in ji uwar. "Cire zoben nan, Shahad. Wanda ke wasa da abin da ya kashe min ɗa ba zai haifa min mai sunansa ba."

"Yumma, gem ne fa kawai, wasan kwamfuta."

"Ni ba a gem na gan su ba."

Shahad ta cire zoben tana kuka. Abu Wisam ma idonsa ya kawo ruwa.

Abokan Sajjad suka ce tsohuwar ta cika rigima, ya nemi wata. 'Yan uwansa suka ce an wulaƙanta su. Shi dai bai aika kowa biko ba, bai kuma kira Shahad a ɓoye ba, ko da yake ta rame har maƙwabta na tambaya. Abin da ya yi shi ne, duk Alhamis, ranar da Ummu Wisam ke ziyarar kabarin ɗanta, ya riga ta zuwa maƙabarta, ya share kabarin yaron, ya yayyafa ruwan wardi, ya tafi kafin ta iso. Zafi ya wuce, sanyi ya shigo, bai fasa ba.

Wata Alhamis ta yi sammako ta same shi a durƙushe da tsintsiya. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ina jirgin?"

"Yana nan, Khala. Na kwashe bama-baman, na rufe cikin." Ya ƙara da cewa, "Ranar ce ya fara tashi. Ashe nauyinsu ne ya hana shi."

"Ka ji daɗi?"

"Kuka na yi."

"Sunan fa?"

"Na goge tun a ranar."

Ta zauna a gefen kabarin, ta shafa dutsen kamar mai shafa kan yaro. "Gurasa ce kawai na aike shi," ta ce. "Ni na aike shi." Sajjad bai ba ta haƙuri ba, bai yi mata wa'azi ba. Ya zauna nesa kaɗan har ta gama kukanta.

Da ta miƙe ta karɓi tsintsiyar daga hannunsa. "Ka gaya wa mahaifinka ya zo. Sunan kuma ku adana shi, sai mai shi ya iso."

An yi biki ba tare da hayaniya ba. Abin da yake wasa a hannunka yana iya zama makokin wani, kuma zuciyar da ka ɓata da ganganci ba bayani ke gyara ta ba, sai haƙuri. Sajjad ya yi haƙurin, ya kuma ga amfaninsa.

Da Shahad ta haihu, aka miƙa wa kakar jaririn. Ta dubi fuskarsa. Sannan ta ce, "Wisam." Yaron ya motsa, ya buɗe ido.

"Kun gani," ta ce, hawaye na zuba. "Wannan karon ya amsa."