Jijiyar Da Ta Hana Darla Zama

Wayyo Darla! Da safiyar wannan Litinin ta fi minti ashirin tana fama da safar ƙafa guda ɗaya tak. Tana kwance a ƙasa tsakar ɗakinta, da zarar ta miƙa hannu za ta kamo ƙafar hagu sai ciwon ya tsarga mata tun daga ƙugu, ya bi ta bayan cinya, ya sauka har tafin ƙafa kamar an zura mata waya mai wuta. Ta cije leɓe, hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta... Yau da ƙarfe goma kwamitin makarantun gunduma zai zauna a kanta, a yanke ko a bar mata aikinta ko a kore ta a matsayin maƙaryaciya.

Duk garinmu an san Darla Novak. Shekara goma sha tara tana tuƙa motar 'yan makaranta mai lamba bakwai, ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa ba ta taɓa barin ɗan kowa a bakin titi ba. Marainiya ce, a gidajen riƙo ta tashi, wannan ya karɓa wancan ya sallama, har Allah ya haɗa ta da Wendell ya aure ta, shi ma ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Yaran motar nan su ne danginta, inshorar lafiyarta ma a jikin aikin take. In aka kore ta, babu aiki, babu magani, babu mutunci.

Likita ya yi mata bayani tun watan Janairu. Ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayanta ne ya turo ya danne babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, shi ne ciwon da ake kira sayatika, kuma yawancin masu shi suna warkewa ba tare da an yanka su ba. Ya ba ta maganin kumburi, ya ce ta riƙa gasa wurin, ya tura ta wajen masu koyar da miƙe jiki, ya kuma ce ta dakata da tuƙi, zai aika wa ofishinsu takarda. Sannan ya ja mata kunne: kada ta lafe a gado, kada ta daɗe a zaune, ta yi ta tafiya a ƙasa kullum. Ya kuma ce in ta ji ƙafar ta fara mutuwa ta garzayo da gaggawa. To ina za ta yi tafiya, titi duk santsin ƙanƙara? Sai ta bi sahun tsofaffin garin, waɗanda ke zagaya cikin babban ginin kantuna kowace safiya kafin a buɗe shaguna.

A nan Roxanne ta ɗauke ta a waya! Roxanne yayar marigayi Wendell ce, ita ce kuma mai rabon motoci a ofishin direbobi, duk wata takarda sai ta bi ta hannunta. Ni dai ban taɓa ganin mace mai zaƙin baki da baƙin ciki irinta ba. Tun ranar biki take cewa ƙaninta ya kwaso musu marar asali, ga shi ta daɗe tana wa mijinta kwaɗayin hanyar lamba bakwai. Kafin la'asar bidiyon ya zagaye gari, da rubutu a ƙasa wai ga wadda ba ta iya tuƙi tana yawon kantuna. Iyayen yara suka sa hannu a takardar ƙorafi. Matan coci da ke kawo mata tukunyar dankali da nama suka ɗauke ƙafa, har wadda Darla ta taɓa goya wa ɗa cikin guguwa.

Darla ta tafi ofis tana kuka, ta sami Roxanne. "Yaya Roxanne, me na yi miki? Ai an aiko miki da takardar likita, shi ya ce in yi tafiyar!"

"Wace takarda? Ni ban ga komai ba," in ji Roxanne tana gyara farce. "Mai ciwon baya kwanciya yake yi, 'yar nan. Ke kuwa har tsere kike yi da tsofaffi. Ki adana hawayen, ranar Litinin za su yi miki amfani."

Ranar Litinin ɗin, da Darla ta shiga zauren kwamitin, sai ta tarar an ajiye mata kujerar ƙarfe a gaban teburin mutum biyar. Ta dafa bayan kujerar ta ce da shugaban, "Ranka ya daɗe, don Allah a bar ni in tsaya. Zama ne ba na iyawa." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Shugaban, Mista Halvorsen, ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Malama, nan ba dandalin wasan kwaikwayo ba ne. Wanda ya iya zagaya kantuna sau shida zai iya zaman awa guda. Zauna!" Ta zauna... Yarinyar da ta tashi a gidajen mutane ba ta saba musu da manya ba.

Aka kunna bidiyon, aka maimaita. Aka buɗe fayil ɗinta, babu takardar likita a ciki. Roxanne ta miƙe tana share idon da babu hawaye, ta ce wallahi ba a son ranta ba, matar ƙaninta ce, amma amanar yaran mutane ta fi ƙarfin zumunci. Darla kuwa gumi ya jiƙe mata riga sharkaf, ta ƙanƙame gefen kujera har yatsunta suka yi fari, tana ta roƙo a zuci: "Ya Ubangiji, Kai ka san ban yi ƙarya ba... Ba ni da kowa sai Kai!" Minti talatin, minti arba'in. Can sai ta ji wutar da ke ƙafarta ta fara lafawa, wani sanyi na maye gurbinta, kuma wannan ya fi ciwon ba ta tsoro.

"Kina da abin cewa kafin mu kaɗa ƙuri'a?" in ji Halvorsen.

Ta yunƙura za ta miƙe. Ƙafar hagu ta ƙi amsawa, ta lanƙwashe a ƙarƙashinta, Darla ta zube ƙasa tim!

"Kun gani ko? Sabon salo!" Roxanne ta faɗa da ƙarfi.

Amma a cikin 'yan kwamitin akwai Misis Edna Sorensen, tsohuwar nas da ta yi shekara talatin a asibiti. Ta ture kujerarta, ta durƙusa, ta zare wa Darla takalmi. "'Yata, ɗaga min babban yatsanki." Darla ta yi iyakar ƙoƙarinta, yatsa ko motsi. Edna ta ciro fil daga rigarta ta soka a bayan ƙafar ba tare da Darla ta gani ba, ita kuwa ko gezau. Tsohuwar ta ɗago fuskarta a fusace. "Halvorsen, wannan ba a ƙirƙirarsa! Jijiyarta ce ke mutuwa, mu kuma muka zaunar da ita a kan ƙarfe muna kallon bidiyo. A kira motar asibiti! Darla, ba ni lambar likitanki yanzu!"

Edna ta kira shi, ta buɗe muryar wayar kowa na ji. Likitan ya tabbatar da cewa shi ya umarce ta da tafiya, ya hana ta dogon zama, kuma ya aika da takarda ofishin direbobi tun sha huɗu ga Janairu. Edna ta tambaya wa ya karɓa. Aka ji ƙarar buɗe fayil, sannan ya ce, "Ga sa hannun nan a gabana. Roxanne Pruitt."

Roxanne ta fara in-ina, wai takardu sun yi mata yawa, wai mantuwa ce... Halvorsen ya miƙa mata hannu ya ce: "Ba ni makullan ofis." A gaban iyayen da ta ruɗa ta ciro su daga jaka, ta fice kanta a sunkuye, babu wanda ya matsa mata hanya da daɗin rai. Daga ranar ba ta sake taka ofishin ba, mijinta ma bai samu hanyar da suka yi wa kwaɗayi ba, kwamitin ya bar wa Darla aikinta.

Washegari aka yi wa Darla aiki aka cire abin da ya danne jijiyar. Likita ya ce Allah ya taimaka da ba a ƙara jinkiri ba, don da an ƙara, da wuya ƙafar ta dawo. Wata biyar tana koyon taka ƙasa, yau da sanda, gobe da dafa bango, har yatsan nan ya ɗaga da kansa ta fashe da kukan murna.

Ranar farko ta sabon zangon karatu ta ja motarta zuwa tashar farko, sai ta hango ba yara kaɗai ke jira ba. Iyayen ne tsaye reras a bakin titi, duk waɗanda suka sa hannu a kore ta. Ta buɗe ƙofa. Wata uwa ta matso riƙe da 'yarta, ta ce, "Darla... mun cuce ki. Da wane ido za mu dube ki? Ki yafe mana!"

Darla ta dube su, hawaye na zuba a kan sitiyari. Sannan ta share fuska da bayan hannu ta ce, "Na yafe, har ga Allah. Miƙo min ita, kada mu makara."